Gayyar da Ta Gina Intanet: Tarihin Wata Al'ada da Masu Kare Ta

Intanet, wato babbar hanyar da ta ɗinke dubban ƙananan hanyoyin sadarwar kwamfuta na duniya ta mai da su abu guda, ta sha bamban da kafofin sadarwar da suka gabace ta ta fuskar mallaka da shugabanci, domin tangarahu da tarho da rediyo duk sun girma ne a hannun gwamnatoci ko wasu 'yan tsirarun kamfanoni masu lasisi, alhali ƙa'idojin da intanet take tafiya a kansu masu aikin sa-kai ne suka rubuta su, suka kuma shimfiɗa su a fili domin duk mai bukata ya ɗauka ba tare da neman izini ko biyan kuɗi ba. Wannan hali na buɗewa al'ada ce ta aiki wadda wata jama'a ta ƙaga, ta koyar da na baya, ta kuma shafe fiye da shekara hamsin tana kare ta. Abin da ya fi kusa da ita a rayuwar Hausawa shi ne gayya, inda mutanen gari suke haɗuwa su nome gona ko su gyara hanya ba don a biya su ba, sai don kowa ya san amfanin aikin zai zagayo kansa. Tarihin al'adar ya tattaru ne a kan bukatu uku da suka bayyana ɗaya bayan ɗaya, wato hanyar ta kasance a buɗe, ta kasance amintacciya, sannan ta isa ga kowa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da aka samu cikin ruwan sanyi.

Takardun neman shawara

Asalin al'adar yana komawa ne shekarar 1969, lokacin da hukumar ARPA, wadda take kula da binciken kimiyya a ma'aikatar tsaron Amurka, ta ɗauki nauyin haɗa kwamfutocin cibiyoyi huɗu a wata hanya da aka kira ARPANET, wato Jami'ar Kalifoniya reshen Los Angeles da reshen Santa Barbara, da Cibiyar Bincike ta Stanford, da Jami'ar Utah. Kamfanin da aka ba kwangila ya ƙera na'urorin da za su riƙa kai da kawo bayanai, amma batun yadda kwamfutocin kansu za su fahimci juna, alhali kowace da irin ƙirarta, an bar shi ne ga ɗaliban da suke karatun babban digiri a waɗannan jami'o'i. Ɗaliban ba su ɗauki kansu masu iko ba, hasali ma sun zaci akwai wasu manyan ƙwararru da za su zo daga baya su karɓi ragamar aikin, saboda haka da ɗaya daga cikinsu, Steve Crocker, ya rubuta takarda ta farko ranar 7 ga Afrilun 1969, sai ya sa mata suna mai nuna ƙanƙan da kai, wanda yake nufin neman jin ra'ayin abokan aiki, kuma da haruffan farko na wannan suna a Ingilishi, RFC, aka san jerin takardun har yau. Sharuɗɗan da aka gindaya musu masu sauƙi ne ƙwarai, domin kowa yana iya rubutawa, tunanin da bai gama nuna ba abin karɓa ne, tambayar da ba a san amsarta ba tana da gurbi, jimla ɗaya tak ma ta isa a kira ta takarda.

Manyan ƙwararrun da ake jira ba su taɓa zuwa ba, kuma abin da aka fara a matsayin rubutun wucin gadi shi ya zama kundin ƙa'idojin intanet, wanda takardunsa suka haura 9,000 a yau, kowace da lambarta, ba a kuma sake taɓa rubutun wadda aka riga aka fitar, sai dai a fitar da sabuwa ta maye gurbinta, ta yadda mai bincike zai iya bin sawun kowace shawara tun daga tushe. Wanda ya riƙe amanar tace waɗannan takardu fiye da shekara 25 shi ne Jon Postel, masanin kwamfuta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, kuma a hannunsa rajistar lambobi da sunayen da ake raba wa masu shiga hanyar take, aikin da daga baya aka sa wa suna IANA. A shekarar 1974 Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa tsarin da ya zama TCP/IP, bayan sun ci gajiyar aikin da Louis Pouzin ya yi a Faransa, kuma hikimar tsarin ita ce a daddatsa saƙo zuwa ƙananan ƙunshi, kowane ɗauke da adireshin inda za shi, a bar wa hanyar aiki guda na isar da su ba tare da ta leƙa abin da ke ciki ba, sauran dabara duka kuwa a ɗora ta a kan kwamfutar mai aikawa da ta mai karɓa. Tasirin wannan ya wuce injiniyanci, domin yana nufin duk wanda ya ƙirƙiro sabuwar hidima ba ya bukatar amincewar mai wayar kafin ya fara aiki da ita. Ranar 1 ga Janairun 1983 ARPANET ta koma kan wannan tsari baki ɗaya.

Majalisar da ba ta da mambobi

A watan Janairun 1986 mutum 21 suka zauna a birnin San Diego a taron farko na IETF, wato majalisar injiniyoyin da take tsara ƙa'idojin intanet, kuma salon da ta ɗauka daga baya ya saɓa wa abin da aka saba gani a hukumomi, domin ba ta da rajistar mambobi, ba ta karɓar kuɗin zama ɗan ƙungiya, kuma wanda ya halarta da sunan kansa yake magana ko da kamfani ko gwamnati ce ta biya masa kuɗin jirgi. Ba a kaɗa ƙuri'a a kan batutuwan fasaha, saboda inda babu mambobi babu yadda za a hana mai kuɗi cika ɗaki da mutanensa. Maimakon haka, shugaban zama yakan nemi masu goyon bayan wata shawara su fitar da sauti ta hanci baki a rufe, sannan masu adawa su yi nasu, ya auna inda amo ya fi ƙarfi ba tare da ƙaramin ma'aikaci ya ji tsoron a ga ya ɗaga hannu ya saɓa wa maigidansa ba. Abin da ake nema shi ne daidaiton da ya rinjaya, wanda ba lalle ne ya gamsar da kowa ba, amma dole ne a saurari kowace hujjar adawa a amsa ta, kuma shawara ba ta samun cikakken matsayi sai an nuna cewa mutane daban-daban sun gina manhajoji a kanta kuma manhajojin sun yi aiki da juna.

A cikin shekarun 1980 wannan salo ya yi gogayya da wani tsari mai suna OSI, wanda hukumar daidaita ma'aunai ta duniya da kamfanonin tarho na gwamnatoci suka tsaya wa, har gwamnatin Amurka da wasu na Turai suka umarci ma'aikatunsu su riƙa sayen kayan da suka dace da shi. Takardun OSI sayar da su ake yi, kwamitocinsa na wakilan ƙasashe kuma sun ɗauki shekaru suna tsara abin da ba a gwada ba, alhali takardun TCP/IP kyauta ne, shi kansa kuma yana zuwa a shirye cikin manhajar Unix ta Berkeley wadda ta bazu a jami'o'i tun 1983, saboda haka kafin a gama muhawara a ɗakunan taro masu aiki da kwamfuta sun riga sun zaɓa.

Shekarar 1992 ita ce ta ba al'adar siffar da aka san ta da ita yanzu. A watan Janairu aka kafa ƙungiyar Internet Society, Cerf da Kahn suna cikin waɗanda suka assasa ta, Cerf ne kuma shugabanta na farko, domin ta zama inuwar doka da ta kuɗi ga IETF, ta kuma taimaka wajen kai intanet ƙasashen da ba ta isa ba. A watan Yuni, a birnin Kobe na Japan, ƙaramin kwamitin manyan da yake sa ido a kan ginin intanet, wato IAB, ya yanke shawarar a ari wani sashe na OSI domin magance ƙarancin adireshin da ake hangowa, ba tare da ya jira amincewar jama'ar IETF ba, sai injiniyoyi suka yi masa bore har ya janye maganar a taron da aka yi wata guda bayan haka a Cambridge ta jihar Massachusetts. A wannan taro ne David Clark na jami'ar MIT ya taƙaita aƙidar jama'ar da cewa ba su yarda da sarakuna ko shugabanni ko ƙuri'a ba, abin da suka dogara da shi shi ne daidaiton da ya rinjaya da manhajar da aka ga tana aiki. Boren ya haifar da sauyi a yadda ake naɗa shugabanni, inda aka miƙa zaɓensu ga wani kwamiti da ake fitar da mambobinsa ta hanyar ƙuri'ar sa'a daga cikin waɗanda suka miƙa kansu.

Ranar 30 ga Afrilun 1993 cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Geneva ta sanar cewa ta saki fasahar yanar gizo da Tim Berners-Lee ya ƙirƙira a can ga kowa da kowa kyauta, watanni biyu bayan Jami'ar Minnesota ta ce za ta fara karɓar kuɗin lasisi a kan Gopher, wani tsarin neman bayanai da a lokacin ya fi yanar gizo farin jini. Gopher ya dusashe, yanar gizo kuwa ta jawo 'yan kasuwa, sunayen adireshi suka zama dukiya, sai tambayar wanda zai riƙe rajistarsu ta koma ta siyasa. An kafa hukumar ICANN domin kula da wannan rajista a watan Satumban 1998, makonni kaɗan kafin rasuwar Postel, ƙarƙashin sa idon ma'aikatar kasuwancin Amurka, kuma ƙasashe da dama sun yi ƙorafi mai tushe cewa bai dace gwamnati ɗaya ta riƙe linzamin abin da duniya take amfani da shi ba. Tarukan ƙoli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Geneva a 2003 da Tunis a 2005 sun ƙare da sulhun da ya haifar da taron shekara-shekara na tafiyar da intanet, wanda aka fara a Atina a 2006, inda gwamnatoci da kamfanoni da ƙungiyoyin farar hula da injiniyoyi suke zama kafaɗa da kafaɗa a matsayin masu ruwa da tsaki. Sa idon Amurka bai ƙare ba sai ranar 1 ga Oktoban 2016, kuma abin lura shi ne ikon bai koma hannun wata majalisar gwamnatoci ba, jama'ar masu ruwa da tsaki aka miƙa wa.

Daga yarda da juna zuwa kulle saƙo

Waɗanda suka gina hanyar tun farko sun san juna da suna, don haka ba su yi wani babban tanadi domin ranar da maƙetaci zai shigo ba, kuma wannan giɓi ya bayyana ranar 2 ga Nuwamban 1988, lokacin da wata manhaja mai hayayyafa da kanta, wadda wani ɗalibin Jami'ar Cornell ya saki, ta durƙusar da dubban kwamfutoci. Injiniyoyin jami'o'i ne suka kwana suna warware manhajar suna raba wa juna magani, kuma ba da jimawa ba aka kafa cibiyar CERT a Jami'ar Carnegie Mellon domin karɓar rahoton ɓaraka da yaɗa gargaɗi, wadda ta zama abin koyi ga irin waɗannan cibiyoyi a ƙasashe da yawa.

Babbar jayayyar tsaro kuwa a kan kulle saƙo aka yi ta, wato juya rubutu ta hanyar lissafi ya koma tarkacen alamomi marasa ma'ana ga duk wanda ba ya riƙe da mabuɗin. Dokar Amurka ta lokacin tana lissafa ƙaƙƙarfar manhajar kulle saƙo cikin kayan yaƙin da ba a fitar da su waje sai da izini, shi ya sa da manhajar PGP, wadda Phil Zimmermann ya saki kyauta a 1991, ta bazu a duniya, hukumomi suka shafe shekara uku suna bincikensa kafin su rufe maganar a 1996 ba tare da tuhuma ba. A 1993 gwamnatin ta gabatar da wata 'yar ƙaramar na'ura mai suna Clipper da za a riƙa sa wa wayoyi, wadda za ta kulle magana amma ta ajiye wa hukuma kwafin mabuɗi, sai masani Matt Blaze ya nuna a 1994 cewa ana iya kauce wa ƙofar da aka tanadar wa hukumar, shirin kuma ya bi ruwa. Hujjar da jama'ar intanet suka tsaya a kai tun daga wancan lokaci, wadda shugabannin IETF suka sa a takarda mai lamba 1984 a shekarar 1996, ita ce raunin da aka bari da gangan domin jami'in tsaro ba shi da hanyar bambance jami'in da ɓarawo, saboda haka sassauta kulle domin a kama mugu ɗaya daidai yake da sassauta tsaron bankuna da asibitoci da 'yan jarida gaba ɗaya. A kan wannan tafarki ne IETF ta ƙi amincewa a shekarar 2000 ta saka hanyar satar sauraro cikin ƙa'idojinta.

A watan Yunin 2013 bayanan da Edward Snowden ya fallasa suka nuna cewa hukumomin leƙen asirin Amurka da Birtaniya suna kwasar bayanan jama'a da yawan da ba a zata ba, har daga wayoyin ƙarƙashin teku. Martanin injiniyoyi ya zo a takarda mai lamba 7258 ta watan Mayun 2014, wadda ta ayyana sa ido a kan kowa da kowa a matsayin hari a kan intanet, ta kuma wajabta wa masu tsara sabuwar ƙa'ida su yi tanadin daƙile shi. A ƙarshen 2015 aka ƙaddamar da shirin Let's Encrypt, da hannun gidauniyar Mozilla da ƙungiyar kare 'yancin masu amfani da kwamfuta ta EFF, domin raba takardar shaidar lantarki da shafi yake bukata kafin ya kulle hulɗarsa da mai ziyara, abin da a da galibi sai mai kuɗi yake samu. Da wannan tsaro ya daina zama gatan manyan kamfanoni, har aka wayi gari mafi yawan zirga-zirgar yanar gizo a kulle take.

Yadda hanyar ta iso Afirka

Bukata ta uku, wato isa ga kowa, ita ce mafi nisan tafiya, kuma a Afirka ma ɗaiɗaikun mutane ne suka share fage kafin hukumomi su farga. A ƙarshen shekarun 1980, lokacin da duniya ta juya wa Afirka ta Kudu baya saboda wariyar launin fata, injiniyoyin Jami'ar Rhodes ƙarƙashin Mike Lawrie suka fara musayar imel da waje ta hanyar kiran tarho zuwa gidan Randy Bush a birnin Portland na Amurka, kuma a 1991 wannan siririyar igiya ta zama cikakkiyar haɗuwa da intanet. Daga 1993 ƙungiyar Internet Society ta riƙa shirya horo na musamman ga injiniyoyin ƙasashe masu tasowa gabanin babban taronta na shekara, ƙarƙashin jagorancin George Sadowsky, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fara haɗa ƙasashensu da intanet a nan suka koyi aikin, suka koma gida suka koyar da wasu. A Gana, Nii Quaynor ya kafa kamfanin da ya haɗa ƙasar da intanet a tsakiyar shekarun 1990, sannan ya jagoranci kafa ƙungiyar injiniyoyin sadarwa ta Afirka, AfNOG, wadda ta fara taro a 2000. Wani zama da aka yi a Kwatano a 1998 ya ɗora tubalin hukumar AFRINIC mai raba adireshin intanet a nahiyar, wadda ta samu cikakkiyar amincewa a 2005 ƙarƙashin Adiel Akplogan ɗan ƙasar Togo, alhali kafin nan 'yan Afirka daga hukumomin Turai da Amurka da Asiya suke neman adireshi.

Gwagwarmayar da ta fi bayyana ma'anar tsadar intanet a Afirka ita ce ta mahaɗar musaya, wato wurin da kamfanonin intanet na ƙasa ɗaya suke jona wayoyinsu domin su miƙa wa juna saƙonni kai tsaye. Inda babu irin wannan mahaɗa, saƙon da ya tashi daga wata unguwa a Nairobi zuwa wata unguwar a birnin sai ya hau tauraron ɗan Adam ya je Turai ko Amurka ya dawo, a kuma biya kuɗin tafiyar da dala. Kamfanonin Kenya sun buɗe mahaɗarsu a watan Nuwamban 2000, amma cikin makonni biyu hukuma ta rufe ta bisa ƙorafin kamfanin tarho na gwamnati, wanda yake ganin za a taɓa masa kasuwa, kuma sai da aka shafe fiye da shekara guda ana ja-in-ja kafin ta sake buɗewa a watan Fabrairun 2002. Najeriya ta kafa tata mahaɗar, IXPN, a Legas 'yan shekaru bayan haka. Binciken da Internet Society ta ɗauki nauyi ya nuna cewa tsakanin 2012 da 2020 kason zirga-zirgar da ake samu daga cikin gida a ƙasashen biyu ya tashi daga kimanin kashi 30 cikin 100 zuwa kusan kashi 70.

Inda kamfanoni suka ga babu riba, wasu al'ummomi sun gina hanyarsu da kansu, kamar yadda mazauna karkarar yankin Kataloniya na Sifaniya suka yi da Guifi.net tun 2004, da mutanen Mankosi a Afirka ta Kudu da suka kafa Zenzeleni, da ƙauyukan Oaxaca a Meziko da suka girka nasu layin wayar salula, haka kuma gidauniyar Fantsuam ta yi irin wannan ƙoƙari a yankin Kafanchan. Harshe ma shinge ne, domin tsarin haruffan da intanet ta fara da shi na Ingilishi ne kawai, babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsa, balle haruffan Larabci da ake rubuta ajami da su, sai da tsarin Unicode ya zo a 1991, IETF kuma ta wajabta a 1998 cewa ƙa'idojinta su iya ɗaukarsa. Akwai kuma lokacin da bukatar isa ga kowa ta yi karo da bukatar buɗewa, kamar a Indiya, inda Facebook ya yi tayin ba talakawa wasu zaɓaɓɓun shafuka kyauta, masu fafutuka suka ce wannan zai mai da kamfani ɗaya mai gadin ƙofar abin da talaka zai karanta, hukumar sadarwar ƙasar kuma ta haramta irin wannan tsari a watan Fabrairun 2016.

Zamanin katse layi

Tun daga watan Janairun 2011, lokacin da gwamnatin Masar ta katse intanet na kwana biyar ana tsakiyar zanga-zanga, fafutukar ta samu sabon fage, kuma ƙasashen da Hausawa suke zaune sun ɗanɗana kuɗarsa. Kamaru ta katse yankunanta biyu masu magana da Ingilishi na kimanin wata uku a 2017, Chadi ta toshe kafofin sada zumunta na wata 16 daga Maris ɗin 2018, Sudan ta yi fiye da wata guda babu intanet a wayoyin salula bayan kisan masu zaman dirshan a Hartum a watan Yunin 2019, Nijar ta yi kimanin kwana goma a irin wannan hali bayan zaɓen Fabrairun 2021, Najeriya kuma ta dakatar da Twitter na wata bakwai daga Yunin wannan shekara. A watan Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara, sannan wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, da hujjar raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, kuma ko da yake barazanar ta gaskiya ce, nauyin matakin ya sauka ne har a kan ɗan kasuwar da ba ya iya tura kuɗi da ƙauyen da ba ya iya kiran agaji. Masu fafutuka sun bi hanyoyi biyu, wato tattara shaida, kamar yadda gamayyar da ƙungiyar Access Now ta kafa a 2016 take ƙirga kowace katsewa a duniya, da kuma zuwa kotu, inda kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020 cewa katsewar da Togo ta yi a 2017 ta keta 'yancin faɗar albarkacin baki, ta kuma yanke makamancinsa a kan Najeriya a 2022.

Lokacin da aka juyo kan na gida

Gwaji mafi tsanani ga kowace al'ada shi ne ranar da masu riƙe da ita suka kauce. A watan Nuwamban 2019 Internet Society ta sanar cewa za ta sayar da hukumar da take riƙe da rajistar adireshin .org, wanda ƙungiyoyin agaji da na farar hula suke amfani da shi, ga wani kamfanin zuba jari mai suna Ethos Capital a kan dala biliyan 1.135, ba tare da ta tuntuɓi jama'a ba. Ɗaruruwan ƙungiyoyi, har da wasu daga cikin rassanta, suka tashi tsaye, babban lauyan jihar Kalifoniya ya sa baki, ICANN kuma ta ƙi amincewa da cinikin ranar 30 ga Afrilun 2020. AFRINIC ma ta faɗa cikin rikicin shugabanci da jerin shari'o'i daga 2021, har kotun ƙasar Mauritius, inda hedkwatarta take, ta naɗa mata mai riƙon ƙwarya a 2023. Al'amuran biyu sun nuna cewa hukumomin da al'adar ta haifa suna iya yin rauni, kuma abin da yake dawo da su kan hanya shi ne jama'ar da take bibiyar ayyukansu.

Kowace daga cikin bukatun nan uku tana da ranar da ta kusa salwanta, kuma a kowane karo mutane ƙalilan da suka san aikin, suka kuma halarci wurin da ake yanke shawara, su ne suka tsayar da ita. Ƙididdigar hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2024 ta nuna cewa mutum biliyan 5.5 suna amfani da intanet, biliyan 2.6 kuma ba su samu ba, a Afirka kuwa kashi 38 cikin 100 ne kawai suke kanta, wanda yake nufin babban kaso na masu shigowa nan gaba daga wannan nahiya za su fito, alhali muryarta a zaurukan da ake rubuta ƙa'idoji ƙarama ce har yanzu. Ƙofar zaurukan a buɗe take, takardunsu kyauta ne, ana kuma iya halartar zamansu daga nesa, saboda haka nauyi yana kan jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Maraɗi da Damagaram su koyar da ɗalibansu karanta waɗannan takardu da rubuta irinsu, yana kuma kan lauyoyi da 'yan jarida su san hukunce-hukuncen da aka riga aka samu. Ƙa'idar da aka rubuta ba tare da su ba za ta hau kansu kamar yadda za ta hau kan kowa, kuma gyara ta bayan ta shiga biliyoyin na'urori ya fi tsara ta da kyau tun farko wuya nesa ba kusa ba.